Wa'azi da ciniki a tasha mai lamba 27

Ranar Lahadi 1 ga watan Oktoba na shekara ta 1961, wani ƙaramin gidan telebijin mai suna WYAH ya soma aiki a garin Portsmouth na jihar Bajiniya, a gabashin ƙasar Amurka. Ana ɗaukarsa a matsayin gidan telebijin na farko a wannan ƙasa da aka keɓe domin bisharar addinin Kirista, kuma wanda ya kafa shi ya ɗauri niyyar kada a ga komi a allonsa sai wa'azi da addu'a da waƙoƙin majami'a. Shekaru 28 bayan haka aka sayar da gidan, aka sauya masa suna, ya koma tashar nishaɗi kamar kowace. Tarihinsa yana nuna yadda ƙofar da kuɗi ke shigowa gidan watsa labarai take tsara abin da jama'a za su gani. Mai karatu ya lura, duk inda aka ambaci dala a nan, dalar Amurka ake nufi, ba dala ta tamma biyar ba.

Ɗan sanata da dala 70

An haifi Marion Gordon Robertson, wanda duniya ta sani da sunan Pat Robertson, ranar 22 ga watan Maris na shekara ta 1930 a garin Lexington na jihar Bajiniya. Ɗan babban gida ne, domin mahaifinsa, Willis Robertson, ya wakilci jihar a majalisar dattawan Amurka daga 1946 zuwa 1966. Ya yi aikin soja lokacin yaƙin Koriya, ya karanci shari'a a jami'ar Yale inda ya sauke a 1955, sai dai ya faɗi jarrabawar da ke ba mutum izinin aikin lauya a jihar Niyok. Ya gwada kasuwancin kayan lantarki tare da wasu abokansa, abin bai yi albarka ba. A shekara ta 1956 ya duƙufa ga addini, ya shiga wata makarantar tauhidi a birnin Niyok, ya kammala a 1959.

A ƙarshen wannan shekara ya kwashi matarsa da ƴaƴansa uku ya koma Bajiniya, saboda labarin da ya samu cewa akwai wata tashar telebijin da ta mutu a Portsmouth, mai ita yana neman mai saye. Kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, dala 70 kaɗai gare shi sa'ad da ya iso. An daidaita kan dala 37,000, waɗanda ba shi da su. Ranar 11 ga watan Janairu na 1960 ya yi rajistar wata ƙungiya mai suna Christian Broadcasting Network, CBN a taƙaice, a matsayin ƙungiyar addini wadda ba ta neman riba, kuma tarihin ƙungiyar ya nuna cewa da dala 3 aka buɗe asusunta a banki. Kusan shekara biyu ya yi yana yawon majami'u yana neman taimako, yana gyaran na'urori, yana jiran izinin hukuma, yana kuma aiki a wata majami'ar Baptis ta birnin Norfolk domin ciyar da iyalinsa.

Sunan tashar ma yana da ma'ana. A Amurka, tashoshin da ke gabashin kogin Misisifi yawanci da harafin W sunayensu suke somawa. Sauran haruffan uku, YAH, an ɗauko su daga Yahweh, sunan Ubangiji a harshen Ibrananci.

Me ya sa mai wa'azi zai mallaki tasha sukutum? Kafin 1960, manyan gidajen telebijin na Amurka kan ba da ɗan lokaci kyauta ga shirye-shiryen addini, domin su nuna wa hukumar sadarwa ta tarayya, wato FCC, cewa suna yi wa jama'a hidima. Wannan lokaci na kyauta yawanci hannun tsofaffin manyan majami'u yake faɗawa, da Katolika, da Yahudawa. Masu wa'azi masu zaman kansu irin su Oral Roberts da Rex Humbard sai dai su sayi lokaci da kuɗinsu. A 1960 hukumar ta bayyana cewa shirin da aka biya da wanda aka bayar kyauta duk ɗaya ne wajen lissafin hidimar jama'a. Daga nan gidajen telebijin suka gwammace su sayar da lokacin, fage ya koma hannun masu iya tara kuɗi daga masu kallo. Robertson ya ga cewa wanda ke haya a gidan wani, ko yaushe ana iya ƙara masa kuɗin haya ko a tashe shi, saboda haka ya nemi gida nasa na kansa.

Dalilin arahar tashar

Ɗan kasuwa ya san cewa araha ba ta rasa dalili. An kasa tashoshin telebijin na Amurka gida biyu bisa zangon da suke watsa hoto. A wancan lokaci, masu lamba 2 zuwa 13 suna kan zangon da ake kira VHF, masu lamba 14 zuwa 83 kuwa suna kan UHF. Yawancin akwatunan telebijin da aka ƙera a shekarun 1950 zangon farko kaɗai suke kamawa. Wanda ke son ganin tashar UHF sai ya sayi wata ƴar na'ura dabam ya jona, ya kuma ɗaura eriya ta musamman, hoton ma sau da yawa ba ya fita tas. Saboda haka tashoshin UHF da dama suka karye a waɗannan shekaru, ciki har da mai lamba 27 ta Portsmouth, wadda a da ake kira WTOV.

Yankin kuwa ba ƙauye ba ne. Kogin Elizabeth ne kawai ya raba Portsmouth da Norfolk, inda babban sansanin sojan ruwan Amurka yake, ga ma'aikatan gyaran jiragen ruwa dubbai da iyalansu. Amma tashoshi uku sun riga sun mamaye kasuwar, masu lamba 3 da 10 da 13, kowace tana ɗaure da ɗaya daga cikin manyan kamfanoni uku na ƙasa, CBS da NBC da ABC, waɗanda ke aiko musu da labarai da wasanni masu tsada. Mai lamba 13 ɗin ma daga UHF ta gudo a ƙarshen shekarun 1950.

Haka WYAH ta soma: kyamara ɗaya, hoto baƙi da fari, ƴan sa'o'i da maraice, ga na'urar watsawa mara ƙarfi wadda da ƙyar take wuce iyakar gari. Shirye-shiryen su ne wa'azin fastocin yankin, da ƙungiyoyin mawaƙan majami'u, da karatun Littafi Mai Tsarki, da finafinan addini da ake samu kyauta ko da araha. Ba a karɓar talla. Abin da ya buɗe wa tashar ƙofar gidajen mutane daga baya, doka ce daga Washinton: a 1962 majalisa ta zartas cewa duk akwatin telebijin da za a sayar dole ya kama zango biyun, dokar ta soma aiki a 1964. Sannu a hankali, yayin da iyalai ke sauya tsofaffin akwatunansu, mai lamba 27 ta zama tasha da kowa ke iya murɗowa.

Mutum 700, dala goma-goma

Gidan da ba ya karɓar talla, da me zai biya wutar lantarki da albashi? A kakar 1963 aka lissafa cewa tashar na buƙatar dala 7,000 kowane wata. Robertson ya shirya gidauniya ta telebijin, wato shiri mai tsawo wanda ake dakatar da komi ana roƙon masu kallo su bugo tarho su yi alkawarin gudummawa. Lissafin da ya gabatar mai sauƙi ne: a samu mutum 700, kowa ya ɗauki nauyin dala 10 a wata. Waɗannan mutane ya kira su ƙungiyar ɗari bakwai, daga nan ne sunan The 700 Club ya samo asali.

Tsarin ya yi kama da adashi wajen zubi na wata-wata, sai dai mai zubi ba ya jiran kwasa. Hikimar da ke ciki ita ce, an rarraba kaya mai nauyi bisa kawuna da yawa, kuma an mayar da mai kallo ɗan gida. Wanda ke aiko da dala 10 duk wata yana jin tashar tasa ce, zai kalle ta, zai kuma gaya wa maƙwabcinsa. Ita kuma tashar ta samu abin da ya fi kuɗin daraja, wato jerin sunaye da adireshin mutanen da suka taɓa bayarwa, waɗanda za a iya aika wa wasiƙa gobe.

Amma tsarin yana da nasa sharaɗi. Gidan da ke rayuwa da gudummawa dole shirye-shiryensa su taɓa zuciya har hannu ya shiga aljihu. Wa'azi mai sanyi na malamin tauhidi ba ya sa tarho ya yi ƙara. Wannan darasi ya fito fili a 1965, shekarar da wasu matasa ma'aurata, Jim Bakker da matarsa Tammy Faye, suka kama aiki a tashar. A gidauniyar ƙarshen wannan shekara, da aka ga abin da aka tara bai kai ba, Bakker ya fashe da kuka a gaban kyamara yana cewa tashar na gab da rufewa. Layukan tarho suka cika har tsakar dare, aka tara fiye da abin da ake nema.

Ƴan tsana da tarho

Shirin farko da ya yi farin jini a WYAH na yara ne. Bakker da matarsa sun zo da wasan ƴan tsana irin waɗanda ake sa hannu a ciki ana motsa bakinsu, Tammy Faye tana yi musu murya. An kira shirin Come On Over, daga baya ya ɗauki sunan ma'auratan. Yara kan cika ɗakin ɗaukar hoto, ana waƙa, ana ba da labaran Littafi Mai Tsarki cikin raha. Ta hanyar yaran aka shiga gidajen da iyayensu ba su taɓa murɗo lamba 27 ba.

A 1966 aka mayar da salon gidauniyar shiri na kullum, aka ba shi sunan The 700 Club, Bakker ne ya soma gabatar da shi. An kwaikwayi shirye-shiryen hira na dare da Amurkawa suka saba gani a manyan tashoshi: mai gabatarwa a bayan tebur, baƙi a kan kujeru, mawaƙa a gefe. Abin da aka sauya shi ne maganar da ake yi. Baƙin su ne mutanen da ke ba da shaidar tubarsu, ko warakarsu daga ciwo, ko kuɓutarsu daga shaye-shaye. A bayan fage kuma ga jerin tebura da tarho, masu aikin sa kai suna amsa kiran masu kallo, suna yi musu addu'a, suna rubuta buƙatunsu a takarda a miƙa wa mai gabatarwa ya karanta nan take.

Wannan tarho shi ne jijiyar shirin. Gwauruwar da ke zaune ita kaɗai, ko matar sojan ruwa da mijinta ke teku wata da watanni, ko wanda ya rasa aiki, kowa na iya kira ya ji muryar ɗan adam tana amsa masa. Masu yabon shirin suna ganin wannan hidima ce ta gaske ga waɗanda ba su da mai saurarensu. Masu suka kuwa suna nuni da cewa wanda ya kira domin addu'a, sunansa na iya shiga jerin waɗanda za a nemi gudummawarsu. Maganganun biyu kowace da ƙamshin gaskiya, kuma tare suka yi tafiya tun daga farko.

Bakker da matarsa sun bar CBN a 1972. Sun taimaka wajen kafa wata tashar bishara, TBN, a jihar Kalifoniya a 1973, sa'an nan suka kafa nasu shiri mai suna PTL a garin Charlotte a 1974. Robertson ya riƙe The 700 Club da kansa, a 1975 kuma wani baƙar fata mai suna Ben Kinchlow ya zama abokin gabatarwarsa na tsawon shekaru. Ke nan manyan gidajen telebijin na bishara uku da suka yi tashe a Amurka a shekarun 1980, duk suna da igiyar da ta haɗa su da ƙaramin ɗakin nan na Portsmouth.

Kaboyi sun shigo

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. A tsakiyar shekarun 1960 telebijin ta Amurka ta koma hoto mai launi, kuma kyamarori da na'urorin watsawa na zamani tsada gare su. Ga kuma sa'o'in yini da ake son cikawa, alhali shirin da gida ya tsara da kansa ya fi kowane cin kuɗi. Gudummawar masu kallo ba ta iya ɗaukar wannan duka. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970, WYAH ta soma sayen tsofaffin shirye-shiryen da manyan kamfanoni suka gama nunawa suke sayarwa da rahusa: finafinan kaboyi, wasannin barkwanci na iyali, zane mai motsi na yara, da tsofaffin finafinan silima. Tare da su tallace-tallace suka shigo.

Magabatan gidan sun kafa hujja biyu. Ta farko, kuɗin talla za su riƙe tashar, gudummawa kuma ta tafi ga aikin bishara. Ta biyu, wanda ya zauna domin kaboyi, wataƙila ya daɗe har wa'azi ya same shi. Zuwa tsakiyar shekarun 1970, mafi yawan sa'o'in ranakun aiki nishaɗi ne, The 700 Club da sauran shirye-shiryen addini suna da nasu lokuta a tsakani, ranar Lahadi kuwa aka bar ta ga addini tsawon waɗannan shekaru. An kuma sa almakashi: ana toshe muryar ɗan wasa idan ya yi ashar, ana yanke abin da ake gani bai dace da iyali ba, ana gudun shirye-shiryen tsafi da maita, ana ƙin tallan giya.

Duk da almakashin, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai ba da talla yawan masu kallo yake saye, kuma da wannan ma'auni ake yanke farashin kowane minti. Tasha ta shiga wannan kasuwa, dole ta sa shirin da ya fi jan jama'a a lokacin da jama'a suka fi zama gaban akwati. Da farko WYAH ita kaɗai ce tasha mai zaman kanta a yankin, wadda ba ta ɗaure da manyan kamfanoni uku. A 1979 wata sabuwa mai lamba 33, WTVZ, ta buɗe a Norfolk, ba ta da takunkumin addini, tana sayen duk abin da kasuwa ke so. Daga nan gasar ta yi zafi, farashin tsofaffin shirye-shirye ma ya hau.

A wannan tsakani CBN ta yi rassa bisa wannan tsari: tasha a Atlanta a 1971, a Dalas a 1973, a Boston a 1977. Aka kuma kafa wani reshe na kasuwanci domin ya riƙe tashoshin, a raba littafin ciniki da na sadaka.

Tauraron ɗan adam ya rage darajar gida

Ranar 29 ga watan Afrilu na 1977, CBN ta soma aika shirye-shiryenta ta tauraron ɗan adam zuwa ga kamfanonin kebul, wato masu jan waya har cikin gidaje suna kai wa mutane tashoshi da yawa bisa kuɗin wata. Tana cikin na farko-farko da suka yi haka. Da wannan dabara, shirin da aka ɗauka a ɗaki guda yana isa kowane lungu na Amurka ba tare da an gina tasha ko an nemi izinin zango a kowane gari ba. A 1979 ƙungiyar ta tare a sabuwar hedkwata a garin Virginia Beach, kusa da jami'ar da Robertson ya kafa, wadda ta soma karatu a 1978 kuma ta ɗauki sunan Regent a 1990. A 1978 ɗin ne kuma aka kafa reshen agaji mai suna Operation Blessing.

Tashar tauraron ta bi sawun yayarta ta Portsmouth sau da ƙafa. Ta soma da addini zalla, a 1981 ta koma nishaɗin iyali da talla, a 1988 aka sa mata sunan CBN Family Channel. An yi ƙoƙarin haɗa wa'azi da nishaɗi a tukunya ɗaya. Daga 1981 zuwa 1984 an shirya wasan kwaikwayo mai dogon zango, Another Life, wanda ke da rigingimun iyali irin na sauran wasanni amma ana warware su da addu'a, kuma an nuna shi a ƙasashen waje, ciki har da Najeriya. A 1981 aka haɗa gwiwa da wani kamfanin Japan mai suna Tatsunoko aka yi Superbook, labaran Littafi Mai Tsarki cikin zane mai motsi, wanda aka fassara cikin harsuna da dama. Shi kansa The 700 Club ya sauya kama a shekarun 1980, ya ƙara labaran duniya da sharhin siyasa.

Da ƙungiyar ta samu hanyar isa ga miliyoyin gidaje, tashar da ke haska yanki guda ta zama ƙaramar kadara a cikin littafin lissafi. An sayar da ta Atlanta a 1984, ta Boston kuma ta koma hannun kamfanin Fox na Rupert Murdoch bayan ƴan shekaru.

Siyasa, abin kunya da haraji

Shekara ta 1987 ta girgiza masu wa'azin telebijin baki ɗaya. Asirin Jim Bakker ya tonu, da farko kan wata mace da aka biya domin ta yi shiru, daga baya kan kuɗi. Ya sayar wa masu kallo takardun dala 1,000 kowace, bisa alkawarin kwana uku a otel ɗin wurin shaƙatawarsa kowace shekara har iyakar rai, alhali takardun sun ninka abin da ɗakunan za su iya ɗauka. A 1989 kotu ta same shi da laifin zamba, ta yanke masa shekaru 45 a gidan kaso, daga baya aka rage, ya fito a 1994. Ba a tuhumi CBN a wannan shari'a ba, amma wake ɗaya ke ɓata gari: masu bayarwa suka ja hannu daga kowa.

A daidai wannan lokaci Robertson ya ajiye muƙaminsa na fasto, ya bar shirin, ya shiga neman takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Rifablikan. A zaɓen share fage na jihar Iowa a watan Fabrairu na 1988 ya zo na biyu, ya wuce mataimakin shugaban ƙasa George Bush, amma daga nan tauraronsa ya dushe, ya janye. Rashinsa a allo ya ƙara rage gudummawa, har aka sallami ɗaruruwan ma'aikata. A cikin wannan yanayi ne, a 1989, aka sayar da WYAH ga wani kamfani mai suna Centennial Communications, wanda ya sauya mata suna zuwa WGNT. A 1995 ta ɗaure da kamfanin nishaɗi na UPN, a 2006 kuma da CW.

Ma'aikacin gwamnati zai so sanin inda hukuma ta tsaya. Dokar Amurka ta yafe wa ƙungiyoyin addini haraji bisa sharuɗɗa, daga ciki akwai cewa kada su shiga yaƙin neman zaɓen wani ɗan takara, kada kuma ciniki ya rinjayi aikin da aka kafa su dominsa. Sharuɗɗan biyu duk sun taɓa CBN. A 1998 ta sasanta da hukumar haraji, ta yarda a janye mata yafewar shekarun 1986 da 1987 saboda ayyukan siyasa, ta kuma biya kuɗi. Tun kafin haka, ribar Family Channel ta yi yawan da take barazana ga matsayin ƙungiyar, saboda haka a 1990 aka sayar da tashar kan dala miliyan 250 ga wani sabon kamfani, International Family Entertainment, wanda Robertson da ɗansa Tim suke jagoranta. Masu suka sun yi ta tambaya, ta yaya kadarar da aka gina da sadakar talakawa ta koma kamfanin da iyalin mai wa'azi ke da hannun jari a ciki. Masu kare shi sun amsa cewa CBN ta samu kuɗi masu yawa daga cinikin, waɗanda suka riƙe ayyukanta da jami'arta.

Layi guda a cikin yarjejeniya

A 1997 aka sake sayar da tashar tauraron kan kimanin dala miliyar 1.9 ga kamfanin haɗin gwiwa na Fox da Haim Saban. A 2001 Disney ya saye kamfanin da sauran kadarorinsa kan sama da dala miliyar 5, in an haɗa da bashin da ya gada. Sunan ya koma Fox Family, ya koma ABC Family, a 2016 ya koma Freeform, tashar matasa mai nuna wasannin da almakashin Portsmouth ba zai bar ko rabinsu ba.

Abu ɗaya ne bai motsa ba. Tun a cinikin 1990 aka rubuta sharaɗin cewa duk wanda ya mallaki tashar dole ya ci gaba da nuna The 700 Club, kuma sharaɗin ya bi tashar daga hannu zuwa hannu. Sababbin masu gidan sun riƙa sa sanarwa kafin shirin cewa ra'ayoyin da ke cikinsa ba nasu ba ne. Suna da dalili, domin Robertson ya sha furta kalaman da suka tayar da ƙura. A 2005 ya ce ya kamata a kashe shugaban Benezuwela Hugo Chavez, daga baya ya nemi gafara. Ya kuma sha yin maganganu masu zafi game da Musulunci, waɗanda ƙungiyoyin Musulmin Amurka suka yi tir da su. Duk da haka yarjejeniya ta ɗaure hannun masu tashar.

Wanda ya bi tarihin daga farko zai ga tsarin shirye-shirye iri uku, kowane da mai biyansa. Lokacin da masu kallo ke biya, allon ya cika da addu'a da shaida da roƙo. Lokacin da masu talla suka shigo, kaboyi da barkwanci suka karɓe mafi yawan sa'o'i. Lokacin da masu hannun jari suka saye, abin da ya rage na addini shi ne wanda lauyoyi suka rubuta a takarda. Duk mai shirin buɗe gidan rediyo ko na telebijin domin wata manufa, ta addini ce ko ta ilimi ko ta harshe, tambayar da ke gabansa tun kafin ya sayi kyamara ita ce wa zai biya kuɗin wata, kuma me zai nema a madadinsu.

Ranar 1 ga watan Oktoba na 2021, shekaru 60 cif bayan buɗe WYAH, Pat Robertson ya sanar da cewa ya sauka daga gabatar da The 700 Club, ya miƙa wa ɗansa Gordon. Ya rasu ranar 8 ga watan Yuni na 2023 a Virginia Beach yana da shekaru 93, shirin kuma ya ci gaba da fitowa a bayansa bisa sharaɗin nan na 1990.